Garin da Ake Share Ruwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba mata ruwa, ya kuma halitta wa ruwan masu wanke shi. Ku gyara zama, masu sauraro. Wanda ke tsaye ya nemi wuri, wanda ke sauri ya saurara, don ni da na fi ku sauri an taɓa zaunar da ni a inda ba hanyar fita.

Sunana Tabawa. Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa Gwaggo Yelwa, ƙanwar babana, ba ta iya furta shi, sai dai ta ce "Uwata". Gwaggo masaƙiya ce. Ta ji labarin Birnin Marina, can inda ƙasa ta kusa ƙarewa, wai suna da shunin da rana ba ta cin sa, sai ta ɗaura niyyar zuwa ta koyo. Ni kuwa na yi ta naci har aka ce in bi ta, tunda na iya karatu ita ba ta iya ba, kuma dama gida ya gaji da ni.

Mun ratsa ƙasar da duwatsunta ke tari in baƙo ya wuce. Mun ratsa dajin da bishiyoyinsa ke haɗe rassa su tare hanya sai an gaishe su. A nan Gwaggo ta yi rana, don ita ko kututture ta gani sai ta tambaye shi iyali. Ni ina tsalle ina cewa mu tafi, ita tana durƙushe tana yi wa wata tsamiya ban gajiya.

Daga nan muka iso wani tafki da ba a hango ƙarshensa. Ƙofarsa ɗaya ce, wani matsatsin ruwa tsakanin duwatsu biyu, da masu gadi a kai. A jikin dutsen an yi rubutu. Na miƙe a cikin jirgin fito na karanta da ƙarfi don kowa ya san na iya: mai shiga ya shiga, amma wanda ya sha ruwan tafkin nan ba ya fita. Mai jirgin ya kai mu wani tsibiri a tsakiya, ya ce daga nan sai mu nemi wani jirgin zuwa Birnin Marina, ya juya ko yatsa bai tsoma a ruwan ba.

Tsibirin Ƙal ake ce masa, kuma ban taɓa ganin ruwa mai kyansa ba. Shimfiɗe yake kamar madubi, da ɗan shuɗi-shuɗi. Ba ciyawa ko tsinke. Ba kwaɗo, ba tsuntsu, ba kifin da ya yi tsalle. Kogin da ke cika shi daga Birnin Marina yake gangarowa, ɗauke da duk abin da marina da majema suka zubar, amma mutanen tsibirin ba wannan ne damuwarsu ba. Damuwarsu shara. Kowane gida yana da rabonsa na ruwa a ƙofa, kuma kowace safiya mata na shiga kwalekwale da dogayen tsintsiyoyi su share shi kamar tsakar gida. Macen da aka ga ganye ɗaya a ruwanta ta zama abin nuni. Sannan duk garin ba mai magana baki buɗe. Kowa da ɗan faifai a hannu, in zai yi magana ko dariya ko hamma sai ya kare bakinsa.

Matar da ta sauke mu ta kawo ruwa a ƙoƙo. Na mintsini Gwaggo.

"Gwaggo, rubutun nan fa."

"Uwata, ba a mayar da ruwan baƙo."

Ta shanye tas, ta yi godiya, har da cewa ruwa ya yi sanyi. Ni na dake har washegari, amma garin ba rijiya, ba wani ruwa sai wannan. Da maƙogwarona ya bushe na sha. Ɗanɗanonsa kamar ka tsotsi tsohon ƙarfe. Kafin mu samu jirgin wucewa harsunanmu sun rine, shuɗi ƙirin kamar an tsamo su daga karofi. Sai na gane abin da faifan yake ɓoyewa.

Ba jirgin da ya yarda ya ɗauke mu zuwa gaba. Muka ari kwalekwale muka koma ƙofa, masu gadi suka ce mu buɗe baki, suka nuna mana hanyar da muka fito da tsinin mashi. Su a wurinsu shuɗin harshe cuta ce mai yaɗuwa, kuma ba ta warkewa.

Gwaggo ta fara da ciwon ciki. Daga nan hannuwanta suka kama rawa, har zare ba ya tsayuwa a yatsunta. Ta daina gama tuwo. Na fita ina yawo a garin kamar akuyar da aka ɗaure, in je wannan gaɓa in dawo waccan, sai na lura da wani abu: duk garin ban ga mai furfura ba. Gwaggo kuwa tana da ita.

Matar gidan ta miƙo mini tsintsiya, ta ce wanda ya ci abincin gida yana share ruwan gida. Ina cikin sharar ina zagi a zuci, sai ga wata 'yar kainuwa iska ta koro, koriya shar, irin wadda ke kan kududdufin bayan gidanmu. Na ɗauka na sa a ƙoƙo na kai wa Gwaggo ɗaki ta ga wani abu mai rai. Matar gidan ta gani, faifanta ya kusa faɗuwa. Kafin azahar an gurfanar da ni gaban Magajiya, mai mulkin garin, aka ce na shigar da ƙazanta gidan mutane. Hukuncina zama a Kududdufin Kunya har wata ya mutu.

Kududdufin yana bayan tsibirin, wani lungu ne na tafkin inda ake tura duk sharar da aka kwaso. A can ciyawar ta samu sake. Kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan mai kai kamar gero, ta tsaya a bakin lungun ta yi katanga mai kauri. Bayanta kainuwa ta rufe ruwa ruf, ga bado nan da can. A tsakiya akwai tudu da bukka. Aka sauke ni, aka ajiye tsaba da tukunya, aka tafi da jirgin. Ba ƙofa, ba mai gadi. Ciyawar ta fi ƙarfin iyo, mutanen garin kuma ko kallon wajen ba sa yi.

A bukkar na tarar da wata tsohuwa kwance ta ɗora ƙafa kan ƙafa, kanta fari fat.

"Sannu da zuwa gidan hutu," in ji ta. "Ni ce Barmani. Ke me kika yi?"

Na faɗa mata.

"Ƙaramin laifi. Ni barci nake a kwalekwale ciyawa ta kewaye ni. Rabin rayuwata a nan na yi ta. Da sun sake ni sai in sake kwantawa."

"Iya, ruwan sha fa?"

Ta nuna da haɓa. "Ki ture ganyen ki ɗiba."

Na ture kainuwa ina yamutsa fuska, sai wani kwaɗo ya dubo ni. Ƙarƙashin ganyen ruwan garai yake, har da 'yan kifaye. Na kurɓa. Ba ɗanɗanon ƙarfe. Ban kawo komai a raina ba, don hankalina na kan Gwaggo. Na yi ta zaga tudun nan har na yi masa hanya da ƙafata. Na gwada kutsawa cikin kacalla, ta yanke ni ta dawo da ni.

"'Yar nan, kina sa mini jiri," Barmani ta ce. "Ki zauna mana, ko allura aka dasa miki?"

Ran nan na sake gwadawa, na zame na faɗa taɓo, na fito da kainuwa a ka kamar ɗankwali. Barmani ta fashe da dariya har ta manta da faifai. Na tsaya ina kallon cikin bakinta. Harshenta ja ne, irin na mutane.

"Iya, sake buɗewa."

"Ke, ba ki da kunya?"

"Ba ni da ita. Buɗe."

Ita kanta ba ta sani ba. Wa zai gaya mata, a garin da ba a kallon bakin kowa? Ta ce ita dai ta san in tana nan cikinta lafiya, in ta koma gari ya murɗe, amma ta ɗauka shara ce ba ta karɓe ta ba.

Na cire kainuwar da ke kaina na juya ta. Sama koriya, amma saiwoyinta, dogaye kamar gashi, sun rine shuɗi har sun yi baƙi. Na je bakin kacalla inda ruwan tafki ke shigowa, na zauna, karo na farko da na zauna da son raina. Ruwan yana isowa da shuɗinsa, ya tarar da katangar, ya rasa hanyar gudu. Sai ya bi tsakanin karare a hankali, dattin yana kwanciya a gindinsu. Abin da ya tsallake, saiwar kainuwa ta tsotse. Kafin ya iso tudunmu an gama da shi. Na tono ɗan bado don yunwa, na fasa, cikinsa shuɗi, na jefar can kan tudu. Ashe abin da suka sha yana nan a jikinsu, su suke riƙe mana shi.

Da wata ya mutu aka zo aka ɗauke ni. Na leƙa ruwa na ga harshena ya koma yadda uwata ta haife ni da shi. Da na so, a ranar zan wuce ƙofa.

Na tarar da Gwaggo ta zama kamar tsinke. Na roƙi a bar ni in ɗebo mata ruwan kududdufi, aka ce ƙazanta ba ta shiga gari, kuma ba mai zuwa can sai mai laifi. Na durƙusa na raɗa mata komai.

"Gwaggo, laifi za ki yi. Kowane iri. Ki zagi wani, ki fasa tulu."

"A gidan da suka ba mu masauki, Uwata? Me suka yi mana?"

"Kashe ki suke yi."

"Ba da gangan ba ne."

Na ga wannan hanya ba ta ɓullewa, sai na ce to bari in nuna wa Magajiya da idonta. Na goya Gwaggo, don ba ta da nauyi, na kai ta fada na zaunar. Fada cike, kowa da faifansa. Na ce, "Ranki ya daɗe, ciyawar da kuke sharewa ita ce maganinku. Ga shaida." Na zaro harshena iya tsawonsa.

Ba wanda ya gani. Kafin ya gama fitowa duk faya-fayan fadar sun tashi daga baki sun koma ido. A garin nan ba zagin da ya kai gwalo, kuma mai mutunci ba ya kallonsa. Na yi ta juyawa ina nuna wa bayan faifai harshe, ina cewa ku duba mana, ku duba.

Magajiya ta yi magana daga bayan nata. "A mayar da ita, sai ranar da na huce. Ke kuma baiwar Allah, an shaide ki da ladabi. Ba za mu kama ki da laifin 'yarki ba. Ki koma masaukinki."

Aka riƙe hannuwana. Na dubi Gwaggo. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta dafa bango ta gyara durƙuso, ta ja mayafinta.

"Ranki ya daɗe, na gode da karamci. Allah ya ƙara girma. Ki gafarce ni, don Allah ki ɗan sauke faifan."

Magajiya ta sauke. Gwaggo ta yi mata gwalo. Ɗan ƙarami ne, kuma hawaye na zubo mata, amma ya isa.

Barmani ta tarbe mu da tafi. Muka kwantar da Gwaggo a bukka, na shiga ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Kullum da safe sai na ce ta buɗe baki.

"Uwata, ko shuka ce ai a bar ta ta tsiro."

Cikin ya lafa. Ta fara gama kunu. Shuɗin ya fara ja da baya daga tsinin harshe, a hankali, a hankali, har in ji kamar in sa tsumma in goge.

Sai zafi ya shigo. Tsofaffin kainuwa suka yi rawaya, suka fara ruɓewa suna nutsewa. Ran nan na kurɓi ruwa na ji ƙarfe ya dawo. Na duba harshen Gwaggo, ya tsaya cak, kamar ma ya ƙaru. Na zauna a bakin ruwa ina kallon wata ruɓaɓɓiya tana narkewa, shuɗi na fita daga saiwarta kamar hayaƙi. Duk abin da ta sha tana mayarwa.

Ni da na rantse ba ni ba tsintsiya, na shiga ruwa har ƙirji ina shara. Sai dai tawa daban ce. In tsamo tsofaffi da masu rawaya, in bar 'yan matasa su yaɗu. In tara a bayan tudu su bushe, mu ƙone, mu binne tokar nesa da ruwa. Barmani tana daga kwance tana ba da umarni.

"Ga wata can ta hagunki. An kawo ni gidan hutu, an haɗa ni da mai aiki."

"Iya, ki taso mana."

"Ni da na tsufa da ƙin shara? Kada ki ɓata mini suna."

Amma da ta ga fatar hannuna ta saɓule, ta taso.

Ruwan ya gyaru. Hannun Gwaggo ya daina rawa, har ta fara saƙa tabarma da ganyen kacalla. Saura ɗan tabo a can gindin harshe, kamar ƙwayar wake. Sai dai tafkin yana janyewa, kududdufin yana ƙanƙancewa, masu ruɓewa sun fi ƙarfin hannuna biyu da rabin na Barmani. Magajiya kuwa ba alamar hucewa. Na san in muka jira, tabon nan zai sake girma.

Tabarmar Gwaggo ce ta ba ni dabara. Muka yanki kacalla muka ɗaure dami-dami, muka haɗa su har suka iya ɗaukar mutum biyu. Wajen da muka yanka ya zama 'yar hanya. Na ce Barmani ta zo mu tafi.

"In je ina? Can ma na ji ana shara. Ku dai kwanta."

Muka kwanta, ta lulluɓe mu da kainuwa har ba a ganin ko yatsa, ta tura mu cikin tafki da sassafe, daidai lokacin da mata ke fitowa.

Ta tsakanin ganye na ga kwalekwale na farko. Matar ta hango tulin ƙazanta yana doso ruwanta. Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ka'ida ita ce ta ja shi har kududdufi, amma kafin nan maƙwabta sun gani. Sai ta kau da kai, ta sa gindin tsintsiya ta tunkuɗa mu ruwan maƙwabciyarta. Maƙwabciyar ta yi tsaki ta tunkuɗa gaba. Haka aka yi ta miƙa mu gida-gida, ba wadda ta dube mu sau biyu. Wata ma ta zunguri haƙarƙarina, na ciji leɓe. Gwaggo na jin an tura mu sai ta motsa baki, na san godiya take. Matar gidan ƙarshe, da ba ta da maƙwabciya a gaba, ta tattara ƙarfinta ta cilla mu cikin igiyar ruwan da ke gangarawa ƙofa.

A matsatsin duwatsu mashi ya tare mu. Muka yaye ganye muka zauna. Shugaban masu gadin, wani dogo mai tsagen fuska, ya sauko har bakin ruwa.

"Daga ina?"

"Daga tsibiri, Baba."

"To ku buɗe."

Na buɗe. Ya duba, ya sake dubawa. Gwaggo ta buɗe. Ya daɗe a kanta.

"Yarinya ta wuce. Ke akwai saura, ki koma."

"Uwata, tafi," in ji Gwaggo. "Ki gaida babanki."

Ban ko kalle ta ba. Na ce, "Baba, kai ka kore mu kwanakin baya. Ka tuna yadda bakinta yake a ranar?"

"Na tuna."

"To cutar da ba ta warkewa tana ja da baya?"

Na ɗago kainuwa ɗaya na juya masa saiwar. Na ce ba daga jikin mutum yake ba, daga ruwa yake, kuma ga inda na Gwaggo ya koma. Ya karɓa yana juyawa a hannu. Ya dubi yaransa a kan dutse, ya matso, ya rage murya.

"Ina da ƙanwa a can. Hajo. Ta je kai itace, aka ba ta ruwan baƙo. Da hannuna na mayar da ita." Ya ɗago ya dube ni. "Me za ta yi?"

"Ka aika mata ta je fada ta yi wa Magajiya gwalo."

Ya zuba mini ido, yana neman wasa a fuskata.

"Gaskiya ta faɗa, ɗana," in ji Gwaggo. "Amma ta fara gaishe ta."

Kainuwar na ɗigar masa da ruwa a ƙafa. Can ya ɗaga mashinsa sama, ya ce wa na kan dutse baki biyu ya duba, duka lafiya.

Ruwa ya ja mu ta tsakanin duwatsun, muka faɗa kogi mai faɗi, gaɓarsa cike da ciyawa ba mai share ta. Birnin Marina yana bayanmu, ba mu gan shi ba, ba mu kuma koma nema ba. Gwaggo ta kwanta a kan damin kacalla, ta ɗora kai a cinyata, ta ce in tashe ta in mun kai inda ake sayar da fura, don yunwa take ji.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan a Tsibirin Ƙal. Wanda ya saurara Allah ya ba shi ruwa mai daɗi, wanda ya yi gyangyaɗi shi ma a sam masa.